Duniya Na Kallon Zaɓen Najeriya, Masu Ƙuri'a Na Zaune a Gida

Ranar babban zaɓe a Najeriya tana da kamannin da duk wanda ya taɓa gani ba zai manta ba. Tun tsakar dare ake hana zirga-zirgar ababen hawa, kasuwanni a rufe, manyan titunan da kullum ba masaka tsinke su wayi gari fayau. Kafin hantsi samari sun jera duwatsu bibbiyu a tsakiyar kwalta sun mayar da ita filin ƙwallo. Can gefe, a harabar makarantar firamare, matasa masu yi wa ƙasa hidima sun kafa tebur da akwatuna uku, layin maza daban, na mata daban. Jim kaɗan sai wata farar mota ta tsaya, baƙi biyu su fito sanye da riguna masu tambarin ƙungiyarsu, su yi 'yan tambayoyi, su rubuta a takarda, su wuce rumfa ta gaba. Waɗannan baƙi sun keto hazo daga Turai ko daga wata ƙasa ta Afirka don su ga yadda za a kaɗa ƙuri'a. Da yawa daga cikin masu buga ƙwallon kuwa sun haura shekara 18, katin zaɓensu na ajiye a ɗaki, amma ba za su taka tazarar da ba ta kai tafiyar minti biyar ba su dangwala.

Wannan shi ne halin da zaɓen Najeriya yake ciki a yau. Ƙasashen waje suna ƙara zuba masa ido, masu shi kuma suna ƙara juya masa baya. Abu ne da ya cancanci a tsaya a duba shi da kyau, domin ana yawan ɗora laifin a inda bai dace ba.

1. Abin da alƙaluma suka nuna

A zaɓen shugaban ƙasa na ranar 25 ga Fabrairun 2023, hukumar zaɓe ta INEC tana da sunayen mutum miliyan 93.4 a rajista, kuma ta ce fiye da miliyan 87 sun karɓi katinsu. Waɗanda suka fito suka kaɗa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba, wato kusan kashi 27 cikin ɗari. Tun da aka dawo mulkin farar hula a 1999 ba a taɓa samun fitowa mai rauni irin wannan ba a zaɓen shugaban ƙasa.

Ba faɗuwar rana ɗaya ba ce. A 1999 an samu kusan kashi 52, a 2003 aka haura zuwa kashi 69, daga nan kuma sai gangara: kashi 57 a 2007, kashi 54 a 2011, kashi 44 a 2015, kashi 35 a 2019, sannan 27 a 2023. Ko a yawan mutane abin haka yake. A 2011 an ƙirga ƙuri'u wajen miliyan 39, bayan shekara goma sha biyu, jama'a sun ƙaru, rajista ta ƙaru da kusan miliyan 20, amma ƙuri'un suka ragu da miliyan 14.

Adalci ya wajabta a faɗi wani abu a nan. Alƙaluman farko ba duka ne abin dogaro ba. Zaɓukan 2003 da 2007 sun yi ƙaurin suna wajen aringizon ƙuri'u, har marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa da bakinsa, ranar da aka rantsar da shi, cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Na'urar tantance kati da Farfesa Attahiru Jega ya shigo da ita a 2015, da BVAS da ta gaje ta, sun rage damar cika akwati da ƙuri'un mutanen da ba su zo ba. Sannan rajistar kanta tana ɗauke da sunayen mamata da waɗanda suka sauya gari. Duk da haka, ko an cire wannan an cire wancan, gaskiyar ba ta sauyawa: mafi yawan 'yan Najeriya da suka isa zaɓe ba sa yin sa.

Sakamakon haka a fili yake. Bola Tinubu ya ci zaɓe da ƙuri'a miliyan 8.79, Atiku Abubakar ya samu miliyan 6.98, Peter Obi miliyan 6.1, Rabi'u Musa Kwankwaso kusan miliyan 1.5. A ƙasar da ta haura mutum miliyan 200, wanda ya hau mulki bai samu ƙuri'ar kashi goma cikin ɗari na masu rajista ba. Sauran ukun kuwa lissafinsu ya fi haka muni. Jihar Kano mai masu rajista miliyan 5.9 ta ba da ƙuri'u kusan miliyan 1.7. Legas mai miliyan 7 ba ta kai miliyan ɗaya da rabi ba. A zaɓen gwamnan Anambra na 2021 kuwa, mutum ɗaya ne cikin goma ya fito.

2. Dalilin da ya sa duniya ke kallo

A daidai wannan lokaci, zaɓen Najeriya ya zama babban labari a duniya. A 2023 tsohon shugaban Afirka ta Kudu Thabo Mbeki ne ya jagoranci tawagar masu sa ido ta ƙungiyar ƙasashe rainon Ingila, Uhuru Kenyatta na Kenya ya jagoranci ta Tarayyar Afirka, Ernest Bai Koroma na Saliyo ya jagoranci ta ECOWAS, Joyce Banda ta Malawi ta jagoranci tawagar haɗin gwiwa ta cibiyoyin Amurka biyu, NDI da IRI. Tarayyar Turai ma ta turo tata. Kafin wannan, a Janairun 2015, sakataren harkokin wajen Amurka John Kerry ya zo Legas takanas ya gana da Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari, Kofi Annan ya halarci sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Abuja, Barack Obama kuma ya aiko wa 'yan Najeriya saƙon bidiyo ana saura 'yan kwanaki zaɓe.

Wannan kulawa tana da dalilai na zahiri. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jama'a a Afirka, tana cikin manyan masu sayar da ɗanyen mai, kuma a Abuja hedikwatar ECOWAS take. Idan zaɓenta ya rikice, ba ita kaɗai za ta ji a jika ba. Tarzomar da ta biyo bayan zaɓen 2011 ta ci rayukan mutum fiye da 800 a arewa cikin kwana uku, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta, kuma tsoron maimaituwar hakan ne ya sa manyan duniya suka yi ta sintiri a 2015.

Maƙwabta sun fi kowa sanin wannan. Ɗan kasuwa a Maraɗi ko Birnin Ƙonni ba don nishaɗi yake bin labarin zaɓen Najeriya ba. Ya ga yadda rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya durƙusar da fatauci. Ya ga yadda cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 ya tayar da farashin fetur a garinsu, duk da ba shi da ƙuri'a a ƙasar da ta yanke hukuncin. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai, ya ga an yanke wutar lantarkin da ke zuwa daga Najeriya, an sake rufe iyaka. Haka mutanen Diffa da na arewacin Kamaru da suka karɓi 'yan gudun hijirar rikicin Boko Haram. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Abin takaicin shi ne, wanda ba shi da ikon zaɓe ya fi damuwa da sakamakon a kan wanda katin ke hannunsa.

'Yan siyasar Najeriya sun fahimci darajar wannan ido na waje, wani lokaci fiye da kima. Buhari ya je cibiyar Chatham House a Landan a Fabrairun 2015 ya gabatar da manufofinsa. Tinubu ya je a Disamban 2022, Obi da Kwankwaso suka bi sahu a Janairun 2023. A gida kuwa, muhawarar 'yan takarar shugaban ƙasa ta Janairun 2019 an yi ta ba Buhari ba Atiku. Ɗan takarar da zai iya hawa jirgi ya je ya amsa tambayoyin baƙi, amma ya ƙi tsayawa a gaban masu zaɓensa, ya riga ya nuna musu matsayin da ya ajiye su.

3. Ba rashin sani ba ne

Bayanin da aka fi yi wa ƙarancin fitowa zaɓe shi ne wai jama'a ba su waye ba, a ƙara faɗakar da su. Wannan bayani bai dace da ƙasar Hausa ba ko kaɗan. Da wuya a samu al'ummar da ta fi Hausawa bin labaran siyasa. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shiri tun 1957, kuma tun daga lokacin rediyo ya zama abokin zaman manomi da direba da mai gadi. Muryar Amurka da Muryar Jamus da Rediyon Faransa duk sun buɗe sashen Hausa saboda sun san akwai masu sauraro. Gidajen rediyon Kano da Kaduna suna da shirye-shiryen siyasa na dare waɗanda sojojin baka ke baje kolinsu, kuma ana sauraronsu a gida da kasuwa. Yanzu Facebook da TikTok da WhatsApp sun ƙara faɗaɗa fagen.

A teburin mai shayi za a ji mutumin da bai yi boko mai zurfi ba yana bayanin yadda ɗan takara a Amurka zai iya rinjaye da yawan ƙuri'u amma ya faɗi zaɓe, kamar yadda ya faru da Hillary Clinton a 2016. Zai faɗi sunan shugaban Turkiyya da na Rasha da na Faransa, ya kawo abin da ya haɗa su da abin da ya raba su. Wannan mutum ba jahilin siyasa ba ne. Idan ya ƙi fita zaɓe, da saninsa ya ƙi.

Tarihi ma shaida ne. Talakawan arewa ba a kyauta suka samu 'yancin siyasa ba. Tun kafa jam'iyyar NEPU a Kano a watan Agustan 1950, mabiya Malam Aminu Kano sun sha ɗauri da bulala da kora daga gari saboda ra'ayinsu. Hajiya Gambo Sawaba ta shiga kurkuku sau da dama tana neman a bar mata su yi zaɓe, kuma matan arewa ba su samu wannan dama ba duk tsawon Jamhuriya ta Farko, sai a ƙarshen shekarun 1970. Ko a baya-bayan nan, mutanen da suka ƙirƙiro taken "a kasa, a tsare, a raka", suka riƙa kwana a rumfunan zaɓe suna rakiyar akwati har wurin tattara sakamako, ba za a ce ba su san darajar ƙuri'a ba. Abin tambaya shi ne me ya sanyaya musu gwiwa.

4. Abin da ya kashe gwiwa

Na farko shi ne alkawarin da bai cika ba. A 2015 jama'a sun yi abin da ba a taɓa yi ba a tarihin ƙasar, suka kayar da shugaba mai ci ta hanyar akwati. Talakawa sun sayi katin waya sun tura gudummawa, wasu sun yi tattaki daga gari zuwa gari don murna. Bayan shekara bakwai da 'yan watanni, hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta fitar da rahoto a Nuwamban 2022 cewa mutum miliyan 133 na fama da talauci ta fuskoki da dama, kuma mafi yawansu a arewa suke. Garkuwa da mutane ta zama ruwan dare a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Kaduna da Neja. Wanda ya zuba duk fatansa a kan zaɓe ɗaya ya ga haka, ba abin mamaki ba ne a ji ya ce duk kanwar ja ce. Sauya sheƙar da 'yan siyasa ke yi daga jam'iyya zuwa jam'iyya, yau su zagi wannan gobe su rungume ta, tana ƙara tabbatar masa da zarginsa.

Na biyu shi ne yadda ake fitar da 'yan takara. Kafin mai ƙuri'a ya ga takardar zaɓe, an riga an gama rabin aikin a zaɓen fid da gwani, inda daliget 'yan ƙalilan suka saba yanke hukunci, kuma kowa ya san rawar da kuɗi ke takawa a wurin. A 2022 jam'iyyar APC ta sayar da takardar neman takarar shugaban ƙasa naira miliyan 100, PDP ta sayar da tata miliyan 40, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake naira 30,000. Malamin makaranta ko likitan da unguwa ta yarda da shi ba shi da hanyar shiga wannan fage sai da ubangida. Don haka mai zaɓe yakan tarar da sunayen da ba shi ya zaɓo su ba, a ce masa ya ɗauki ɗaya.

Na uku shi ne wahalar ranar zaɓen kanta, kuma wannan ba a cika ba ta muhimmancin da ya kamata ba. Doka ta ce mutum zai yi zaɓe ne a rumfar da ya yi rajista. Ɗan ci-rani da ya yi rajista a ƙauyensu a Jigawa amma yake tura baro a Legas, sai ya bar nemansa na kwanaki, ya biya kuɗin mota zuwa da dawowa. Ɗalibi da direban babbar mota da ma'aikacin da aka yi wa sauyin wurin aiki duk haka. Akwai damar sauya rumfa, amma tana da wa'adi da dogon layi. A 2019 mutane da dama sun yi wannan tafiya, suka kwana da shirin zaɓe, sai cikin dare, saura 'yan sa'o'i a buɗe rumfuna, hukumar zaɓe ta ɗage shi da mako guda. Wanda ya kashe guzirinsa ya koma bakin aiki, da wuya ya sake dawowa.

A 2023 kuwa abin ya haɗu da ƙarancin takardun kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000, aka janye tsofaffi, sababbi ba su wadata ba. Mutane suna kwana a layin banki, masu POS suna karɓar la'ada mai tsanani, ga ƙarancin fetur. An ce manufar ita ce hana sayen ƙuri'a. Abin da ya faru a zahiri shi ne magidanci da kuɗinsa a asusu ya rasa na cefane, balle na mota zuwa garinsu. Ranar zaɓen kuma, a wurare da yawa ma'aikata da kayan aiki ba su iso ba sai da rana ta take, alhali ƙarfe takwas da rabi na safe aka ce za a fara. Mace mai goyo da ta fito tun da sassafe ba za ta iya tsayuwa har azahar ba. A yankunan da 'yan bindiga suka tarwatsa, dubban mutane suna gudun hijira nesa da rumfunansu, wasu katin ma ya ƙone tare da gidan.

Na huɗu, wanda ya fi sauran ciwo, shi ne shakkar ko ƙuri'ar za ta yi aiki. Dokar zaɓe ta 2022 ta sa mutane da yawa, musamman matasa, sun yi rajista da kyakkyawan zato, domin hukumar zaɓe ta yi ta nanata cewa za a ɗora hoton takardar sakamakon kowace rumfa a shafinta na intanet, IReV, nan take. Ranar zaɓe sakamakon 'yan majalisa ya riƙa hawa, na shugaban ƙasa ya maƙale, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce. A watan Oktoban 2023 Kotun Ƙoli ta tabbatar da nasarar Tinubu, ta kuma ce rashin ɗora sakamakon bai isa ya soke zaɓe ba. Ta fuskar shari'a magana ta ƙare. Ta fuskar amana kuwa, an yi alkawari a bainar jama'a ba a cika ba, kuma jama'a ba sa manta irin wannan.

Ga kuma yawan ƙarewar zaɓe a kotu. A 2019 Kotun Ƙoli ta soke duk ƙuri'un da APC ta samu a Zamfara saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani bisa ƙa'ida ba. A Janairun 2020 ta ba wanda hukumar zaɓe ta ce ya zo na huɗu kujerar gwamnan Imo. A Kano, zaɓen gwamna na 2019 da aka ce bai kammalu ba ya bar kalmar "inkwankulusib" a bakin yara da manya, sannan na 2023 ya ratsa kotuna uku, biyu suka tsige Abba Kabir Yusuf, ta ƙarshe ta mayar da shi a Janairun 2024. A Adamawa an ga kwamishinan zaɓe ya sanar da wanda ya yi nasara tun ba a gama tattara sakamako ba, sai da hukumar ta soke sanarwar. Kowane hukunci yana da hujjarsa a doka. Amma wanda ya sha rana a layi yana ganin alƙalai ƙalilan ne ke da maganar ƙarshe, sai ya ce an riga an rubuta, ya zauna a gida.

5. Iyakar abin da baƙo ke gani

Masu sa ido na waje suna da amfani, kuma bai kamata a raina aikinsu ba. Kasancewarsu tana rage wasu nau'o'in maguɗi na fili, rahotanninsu suna zama tarihi a rubuce, matsin lambarsu kuma ta taimaka a 2015. Amurka ta sha sanar da hana biza ga waɗanda ta zarga da yi wa zaɓe zagon ƙasa, ko da yake ba ta bayyana sunayensu.

Sai dai aikin nasu yana da iyaka. Najeriya na da rumfunan zaɓe sama da 176,000, tawagar waje kuwa 'yan ɗaruruwa ce in ta yi yawa, kuma ba ta shiga wuraren da tsaro ya taɓarɓare. Tana zuwa na makonni ta tafi. Tarayyar Turai ta fitar da rahotonta na ƙarshe a Yunin 2023 da shawarwari 23, ta ce abin da ya faru ya rage amincewar jama'a ga hukumar zaɓe, fadar shugaban ƙasa ta yi watsi da rahoton, magana ta mutu. Ba baƙi kaɗai ake yi wa haka ba. Kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais da 'Yar'aduwa ya kafa ya miƙa rahotonsa tun Disamban 2008, ya ba da shawarar a cire naɗin shugaban hukumar zaɓe daga hannun shugaban ƙasa shi kaɗai, a kuma kafa hukuma ta musamman mai hukunta masu laifin zaɓe. Har yau waɗannan biyun ba su tabbata ba.

Abin da ke kashe sha'awar zaɓe yana faruwa ne a shekaru huɗun da ke tsakanin zaɓe da zaɓe: asibitin da ba magani, ajin da yara ɗari ke zaune a ƙasa, ɗan majalisar da ya sauya lambar waya bayan rantsuwa. Babu tawagar da ke zuwa duba wannan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ƙungiyoyin cikin gida irin su Yiaga Africa, da 'yan jaridar da ke bin diddigin ayyukan mazaɓu, sun fi kusa da matsalar, kuma su ya kamata a fi ƙarfafawa.

6. Wanda ke cin ribar zaman gida

Duk da cewa fushin jama'a yana da hujja, zaman gida ba ya hukunta kowa sai mai zaman. Tsarin mulkin Najeriya bai sa wani adadin fitowa da dole sai an kai kafin zaɓe ya inganta ba. Ko mutum ɗaya cikin goma ne ya fito, za a rantsar da wanda ya ci, zai riƙe baitulmali shekara huɗu. Idan masu fitowa sun yi kaɗan, sayen ƙuri'a yana araha. Rumfar da mutum 700 suka yi rajista, 150 suka fito, ɗan siyasa ba ya buƙatar fiye da mutum 80, kuma taliya da sabulu da turmin atamfa da 'yan dubbai sun isa su samar masa da su. Da mutum 500 ne suka fito, da aljihunsa bai iya ba. Haka 'yan daba: aikinsu ba sace akwati kaɗai ba ne, tsorata mutane su ƙi fitowa ma nasara ce ga wanda ya ɗauke su.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce ƙuri'a ba ta taɓa aiki. A 2003 Malam Ibrahim Shekarau ya kayar da gwamna mai ci a Kano. A 2023 Dauda Lawal ya kayar da gwamna mai ci a Zamfara, jam'iyyar NNPP ta karɓe Kano daga jam'iyya mai mulkin ƙasa, Peter Obi ya rinjayi Tinubu a Legas, gwamnoni masu ci da dama, irin su Samuel Ortom na Binuwai da Atiku Bagudu na Kebbi, suka nemi kujerar sanata suka faɗi. A Senegal, Bassirou Diomaye Faye ya fito daga kurkuku saura kwana goma zaɓen Maris na 2024, ya kuma ci tun zagayen farko, domin kusan kashi 61 na masu rajista sun fito. A Ghana, a Disamban 2024, jam'iyya mai mulki ta sha kaye, ɗan takararta Mahamudu Bawumia ya amince tun kafin a sanar da sakamako a hukumance.

Akwai wani haɗarin da ya fi waɗannan. Wanda ya yanke ƙauna daga akwati ba ya daina fushi, wata hanya yake nema. An ga taron jama'a suna murnar juyin mulki a Bamako da Wagadugu da Yamai. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, an ga matasa a Kano da Kaduna ɗauke da tutar Rasha, wasu na kiran soja su karɓi mulki. Yawancinsu an haife su bayan 1999, ba su san zamanin da ake kulle ɗan jarida da dokar soja ba, ba su ga yadda aka soke zaɓen 12 ga Yunin 1993 ba. Abin da suka sani kawai shi ne dimokuraɗiyyar da ba ta tsinana musu komai ba.

7. Inda gyara zai fara

A watan Mayun 2025 Majalisar Wakilai ta tattauna wani ƙudiri da zai tilasta yin zaɓe, da tara ko ɗauri ga wanda ya ƙi. Suka ta yi yawa, aka janye shi, kuma janyewar ita ce daidai. Ostireliya ta tilasta zaɓe tun 1924, amma a can ana iya kaɗa ƙuri'a kafin ranar zaɓe ko ta gidan waya, kuma ba a shakkar ƙidaya. Ba a cin tarar mutum saboda ya ƙi shiga layin da ma'aikata ba su zo ba.

Gyara na gaskiya zai fara ne daga matakin da ya fi kusa da talaka. Ƙananan hukumomi 774 su ne ya kamata su zama makarantar siyasa, inda mutum zai zaɓi kansilan da ya sani, ya tare shi a masallaci ko a wurin ɗaurin aure ya tambaye shi maganar rijiyar burtsatse. Amma zaɓukan da hukumomin zaɓe na jihohi ke shiryawa sun zama naɗi. A Kano APC ta lashe duka kujeru 44 lokacin da take mulkin jihar, a 2024 NNPP ma ta lashe duka 44. Haka abin yake a kusan kowace jiha, ko wace jam'iyya ce ke mulki. Matashin da zaɓensa na farko ya zama irin wannan ya riga ya koyi cewa fitowarsa ba ta da tasiri. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yulin 2024, wanda ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye kuma a daina naɗa kantomomi, zai yi amfani ne kawai idan zaɓen shugabanninsu ya zama na gaske.

Sauran gyare-gyaren sanannu ne. A sauƙaƙa sauya rumfa ga 'yan ci-rani da ɗalibai, a tsaftace rajista, a tabbatar kayan zaɓe sun kwana a mazaɓu, a kammala shari'o'in zaɓe kafin rantsuwa, a gurfanar da masu ɗaukar nauyin 'yan daba ba yaran da aka tura kaɗai ba. Jam'iyyu su buɗe zaɓen fid da gwani ga mambobinsu. A kuma duba batun waɗanda tsarin da kansa ya hana zaɓe: ma'aikatan wucin gadi na hukumar zaɓe, da jami'an tsaro, da 'yan jarida, da masu sa ido na cikin gida, waɗanda yawansu ya haura miliyan guda kuma suna bakin aiki ranar zaɓe, ga 'yan Najeriya mazauna waje da ke aiko da kusan dala biliyan 20 a shekara amma ba su da ƙuri'a. Nijar da Senegal da Kenya da Afirka ta Kudu duk sun taɓa ba 'yan ƙasarsu mazauna waje damar kaɗa ƙuri'a a babban zaɓe daga inda suke. A Najeriya sai an gyara tsarin mulki kafin hakan ta yiwu, kuma lokacin da aka kawo ƙudirin gaban majalisa a Maris na 2022, 'yan majalisar sun ƙi amincewa da shi.